Direban sauti a Linux

Direban sauti ƙaramar manhaja ce da ke fassara tsakanin tsarin sarrafa kwamfuta da guntun lantarkin da ke fitar da murya, wato katin sauti. A Linux ba a neman faifan direba kamar yadda aka saba a Windows, domin direbobin suna zuwa ne a cikin zuciyar tsarin, wato kanel. Rukuninsu shi ne ALSA, wanda Jaroslav Kysela ya fara a 1998, ya kuma maye gurbin tsohon tsarin sauti mai suna OSS a kanel 2.6. A samansa akwai mai rarraba sauti ga manhajoji: PulseAudio, ko PipeWire da Fedora 34 ta ɗauka a 2021, Ubuntu ta bi a 22.10 (Fedora da Ubuntu nau'o'in Linux ne).

A Legas matsalar rashin sauti kan bayyana a kwamfutocin tokumbo da ake saye a Computer Village ta Ikeja, irin su HP EliteBook da Lenovo ThinkPad. Sau da yawa akan canza lasifika mai lafiya alhali laifin na manhaja ne, kuma asarar kuɗi ce kawai.

Gyara yana farawa daga ƙasa. Umarnin aplay -l, da ake rubutawa a tagar umarni (terminal), yana nuna katunan da ALSA ta gani. Idan katin ya fito, direba ya hau, sai a buɗe alsamixer, a danna F6 a zaɓi katin. Layin da ke da MM a ƙarƙashinsa a toshe yake. Danna harafin M ke buɗe shi, ya koma OO. A duba Master da Speaker da Headphone, sannan Auto-Mute, wanda kan kashe lasifika idan ya zaci an soka abin kunne. Gwaji shi ne speaker-test -c 2 -t wav, ajiya kuwa sudo alsactl store, don kada saitin ya ɓace bayan an kashe.

Idan ba kati, ko allon saiti ya nuna Dummy Output, a nan aikin yake. Tsofaffin injuna suna amfani da snd-hda-intel, galibi da guntun Realtek. Sababbin na Intel masu makirfon dijital suna buƙatar Sound Open Firmware, kuma in babu fayilolinsa direba zai tsaya rabin hanya. Umarnin sudo dmesg | grep -i sof zai nuna fayil ɗin da aka rasa. Sunan ƙunshin firmware-sof-signed a Debian da Ubuntu, sof-firmware a Arch. A saka, a sake kunna injin. Akwai dabarar rubuta options snd-intel-dspcfg dsp_driver=1 a wani fayil cikin /etc/modprobe.d/, wadda ke tilasta tsohon direba. Lasifika kan dawo, amma makirfon ciki ya mutu, don haka ba ta dace da mai karatu ko taro ta Zoom ba.

Wani lokacin ALSA lafiya take, sautin ne ya karkata zuwa HDMI, wato kafar haɗa talabijin ko wani allo. Manhajar pavucontrol ke mayar da shi hanya. Injin da ke ɗauke da Windows da Linux tare kuma, a kashe Fast Startup a saitin Windows, domin yakan bar guntun sautin bai mutu gaba ɗaya ba.

Mai saye a Ikeja zai iya tayar da Ubuntu daga filashi a gaban mai shago, ya gwada lasifika biyu da makirfo da ramin abin kunne kafin ya biya.