Sansanin hutun yara a Amurka: amsoshin tambayoyin da iyaye suka fi yi mini

Na yi shekaru ina aikin kula da ɗakin 'yan mata a wani sansanin hutu da ke cikin tsaunukan arewa da birnin New York, kuma tun da mutanenmu na unguwar Bronx a cikin birnin suka san haka, ba a shiga watan Mayu ba tare da an tare ni a ƙofar masallaci ko a gidan suna da tambayoyi iri ɗaya ba. Na tattara su a nan domin duk wanda ya sake tambayata in tura masa wannan rubutu, ya zauna ya karanta a tsanake.

Mene ne sansanin, kuma kwana nawa ake yi?

Wuri ne a bayan gari, yawanci a bakin tafki, inda yara suke kwana a ɗakunan katako ƙarƙashin kulawar manya a lokacin dogon hutu, daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Agusta. Wani mako ɗaya ne, wani biyu, wani har bakwai ko takwas. Tsohuwar al'ada ce a ƙasar nan, domin tun 1861 wani malamin makaranta mai suna Frederick Gunn ya fita zango da ɗalibansa a jihar Connecticut.

Dole ne in rubuta duk abin da ke damun yaron a takardar lafiya?

Dole ne, kuma da gangan na kawo wannan tambaya gaba, saboda a nan ne mutanenmu suka fi ba ni wahala. Uwa za ta zauna da takarda mai shafi huɗu, ta san sarai ɗanta yana da asma, ko yana fitsarin kwance, ko jikinsa yana kumbura idan ya ci gyaɗa, amma ta bi layi tana rubuta "babu" saboda kunya ko tsoron kada a ƙi karɓarsa. Hajiya, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Yaron zai yi mako ɗaya ko fiye a hannun mutanen da ba su taɓa ganinsa ba, kuma abin da kika rubuta shi kaɗai ne abin da suka sani game da jikinsa. Idan an san yaro yana fitsarin kwance, mai kula da ɗaki tana jira sauran su tafi karin kumallo, ta cire zanen gadon ta shimfiɗa wani, ba wanda ya ji ba wanda ya gani. Idan ba a sani ba, yaron da kansa zai cusa jiƙaƙƙen zane a ƙarƙashin katifa har wari ya tona masa asiri a gaban abokansa. Magani kuwa, kowane iri ne, ana miƙa shi ga nas a cikin kwalbarsa ta asali tare da takardar likita. Kada a ƙulle jiƙo ko gari a leda a tura cikin safa, domin za a gano shi kuma za a karɓe.

Yaya yini yake tafiya?

Ana kaɗa ƙararrawa da misalin ƙarfe bakwai ko bakwai da rabi. Yara su wanke fuska, su taru a fili, su wuce ɗakin cin abinci, sannan su koma su gyara gadajensu masu hawa biyu su share ɗaki, domin akan zagayo a duba, kuma ɗakin da ya fi tsabta yana samun yabo. Daga nan zuwa azahar an raba lokaci gida-gida, kowane kusan awa guda: wannan rukuni yana harbin kibiya, wancan yana tuƙa kwale-kwale, wani yana ƙwallo, wani yana ginin tukwane ko saƙar abin hannu da zare mai launi. Bayan abincin rana akwai awa ɗaya ta hutu a kan gado, kuma a lokacin ne ake rubuta wasiƙa zuwa gida. La'asar ta iyo ce da wasanni. Da dare akan yi wasan kwaikwayo ko a hura wuta a zauna kewaye da ita ana waƙa, sannan a kashe fitila wajen ƙarfe tara ko tara da rabi. Yaron da a gida sai an yi faɗa kafin ya ajiye waya ya kwanta, a can kafin a gama ƙirga su ya yi barci.

Zan iya ba shi waya ya tafi da ita?

A'a. Yawancin sansanoni sun hana, kuma sun yi daidai. Idan wani abu ya faru ofis zai kira ka, saboda haka ka bayar da lambar da ake samunka a kai, har da ta wani wanda yake jin Turanci sosai.

Maza da mata ɗaki ɗaya suke kwana?

A inda na yi aiki ɓangaren kowa daban ne, da masu kula da su daban. Akwai kuma sansanonin 'yan mata zalla da na maza zalla. Ka tambayi shugaban wurin yadda tsarinsu yake kafin ka sa hannu.

Ɗana bai iya iyo ba, ba zai nutse ba?

Ki kwantar da hankalinki. Ranar farko ake gwada kowane yaro, kuma wanda bai iya ba ba ya wuce igiyar da aka ja a inda ruwa bai kai ƙirji ba. Kowa yana da abokin shiga ruwa, kuma lokaci-lokaci mai tsaron ruwa yana hura usur, sai kowa ya kama hannun abokinsa ya ɗaga sama a ƙirga su. Kwale-kwale kuwa ba a hawa sai da rigar ceto. Abin da nake roƙo shi ne kada yaro ya yi ƙaryar ya iya, kuma kada uba ya yi masa ƙaryar.

'Yata tana da sikila. In bar ta ta je ko in hana ta?

Wannan ita ce tambayar da ba zan iya yanke wa kowa hukunci a kanta ba, domin amsar ta danganta da yarinyar, da sansanin, da abin da likitan jininta ya ce, kuma maganarsa tana gaba da tawa. Amma zan faɗi abin da na gani da abin da ya kamata a auna.

Da farko a rarrabe tsakanin mai nau'in jini AS, wadda gadon sikila kawai take ɗauke da shi, da mai SS ko SC, wadda take da ciwon kansa. Mai AS yawanci tana yin duk abin da sauran yara suke yi, sai dai a kula ta riƙa shan ruwa kuma kada a matsa mata da gudu mai tsanani a cikin rana, amma duk da haka a rubuta a takarda. Mai SS kuwa, abubuwan da suka fi tayar mata da ciwo su ne sanyi, da ƙarancin ruwa a jiki, da gajiya mai yawa, kuma dukkansu ukun suna nan a sansani kowace rana. Mutane suna jin an ce lokacin zafi sai su ɗauka ruwan tafki ɗumi ne da shi, alhali tafkunan tsaunin nan ko a Yuli suna da sanyi da safe, kuma da dare iska takan yi sanyin da sai an ja bargo.

Wata shekara an kawo mini yarinya 'yar shekara goma wadda ba a rubuta komai a takardarta ba. A rana ta uku ta daɗe a ruwa, ta fito tana rawar ɗari, ta zauna da jiƙaƙƙiyar riga har aka gama wasa. Bayan magariba na same ta a kan gado ta dunƙule, ta riƙe ƙwaurinta da hannu biyu, hawaye yana zuba amma ba ta yin sauti. Wata abokiyar aikina ta ruga ta ɗauko ƙanƙara za ta ɗora mata, domin haka ake yi wa duk yaron da ya ce ƙafa tana ciwo. Na dubi idon yarinyar na ga ya yi ɗorawa-ɗorawa, sai na tambaye ta da Hausa ko tana da amosanin jini, ta gyaɗa kai, ta ce Mama ta ce kada ta faɗa. Ƙanƙara ƙara wa mai sikila ciwo take yi, ɗumi ake sa mata. A daren nan aka kai ta asibiti, kuma Allah ya sa ta samu sauƙi, amma har yau idan na tuna ƙanƙarar nan a hannun baiwar Allah da ba ta san komai ba, raina yana ɓaci.

Saboda haka idan kina son ta je sansani na kowa da kowa, ki kira ki tambaya ko nas tana kwana a wurin, ko ta taɓa kula da mai sikila, da kuma minti nawa ne zuwa asibiti mafi kusa. Likita ya rubuta musu dalla-dalla abin da za a yi idan ciwo ya tashi, da magungunan da take sha kullum, da cewa zazzaɓin da ya kai digiri 101 a ma'aunin ƙasar nan, wato sama da 38 kaɗan a ma'aunin da muka saba da shi a gida, maganar asibiti ce nan take ba ta jira zuwa safiya ba. A yarda ta riƙa yawo da gorar ruwa, a bar ta ta fita bayi duk lokacin da ta buƙata, kuma kada a rage mata ruwa da dare don gudun fitsarin kwance, domin ciwon kansa yana sa yawan fitsari. Batun iyo kuwa, wani likita zai yarda da ɗan lokaci kaɗan da tsakar rana tare da tawul da busassun kaya a gefe, wani zai hana tafki gaba ɗaya, kuma duka biyun suna da hujja. Idan ta kwanta asibiti a 'yan watannin nan, ko ciwonta yana yawan tashi, ni da 'yata ce da ban kai ta irin wannan sansani ba a wannan shekarar.

Akwai kuma hanya ta uku da iyaye da yawa ba su sani ba. Jarumin fina-finan nan Paul Newman ya kafa Hole in the Wall Gang Camp a garin Ashford na jihar Connecticut a 1988 domin yara masu fama da cututtuka masu tsanani, har da sikila, da likitoci a wurin, kuma kyauta ne. Akwai irinsa a Lake Luzerne ta jihar New York mai suna Double H Ranch. Ki tambayi asibitin da take zuwa yadda ake neman gurbi, kuma ki fara tun da sanyi bai wuce ba.

Abincin halal ne?

Sai ka nema tun kafin a tafi. Inda babu naman halal, ka rubuta cewa a ba shi abincin marasa cin nama. Abin da iyaye suke mantawa shi ne farar alawar nan mai laushi, mashmelo, wadda ake soka wa tsinke a gasa a bakin wuta: yawancinta ana yin ta da jelatin na alade. Ka sayi ta halal ka miƙa wa ofis, domin zama a gefe kowa yana gasa tasa yana da ciwo ga yaro ɗan shekara tara.

Salla fa?

Ba a hana kowa salla, amma ba wanda zai tashe shi idan ba ka shirya ba. A ƙarshen Yuni rana tana fitowa kafin biyar da rabi a New York, ke nan kafin ƙararrawa ta kaɗa asuba ta daɗe da wucewa, magariba kuma sai wajen takwas da rabi, isha'i bayan an kashe fitila. Ka sa masa agogon hannu mai ƙara, da sallaya, da ƙaramar buta, ka rubuta masa lokutan a takarda, ka kuma yi magana da shugaban sansani a ba shi wuri. Ka koya masa cewa alƙibla daga nan arewa maso gabas take. Yadda zai yi idan barci ya ɗauke shi kuwa, malaminku za ka tambaya.

Ai na masu kuɗi ne, ko?

Akwai na dubban daloli, akwai na kyauta. Ƙungiyar Fresh Air Fund tun 1877 take fitar da yaran birnin New York masu ƙaramin ƙarfi, kuma tana da sansanoni a garin Fishkill na jihar New York. Kowanne ka zaɓa, ka tabbatar yana da izinin hukuma, ka kuma tambaya ko ƙungiyar sansanonin Amurka, wato American Camp Association, ta tantance shi. Ƙa'idarta a sansanin kwana ita ce babba ɗaya ga yara shida 'yan shekara 6 zuwa 8, ɗaya ga takwas 'yan 9 zuwa 14.

Ta aiko wasiƙa tana kuka in zo in ɗauke ta. In tafi?

Ki duba kwanan watan da ke kan wasiƙar tukuna. Yawanci a rana ta farko ko ta biyu aka rubuta ta, kuma kafin ta iso gare ki yarinyar ta yi ƙawaye. Ki kira ofis ki tambaya ko tana cin abinci, tana barci, tana shiga wasa. Idan duka ukun suna tafiya, kewar gida ce kawai kuma za ta wuce. Idan ta daina ci, ko ta ambaci wani yana taɓa ta ko yana tsangwamarta, kada ki jira safiya. Kuma don Allah a daina yi wa yara alkawarin "idan ba ki ji daɗi ba zan zo in ɗauke ki", domin da wannan alkawari a ranta ba za ta taɓa sakin jiki ba.

Me zan duba idan ta dawo?

Kaska. Dazuzzukan nan suna da wata ƙaramar kaska da ba ta wuce ƙwayar riɗi ba, mai ɗauke da cutar Lyme. Ki warware kitson da kika yi mata kafin tafiya, ki duba fatar kai, da bayan kunne, da hammata, da bayan gwiwa, da ƙugu. A fatarmu jan zoben da cizon yake bari ba ya fitowa fili kamar yadda ake nunawa a hotuna, saboda haka ki duba a wuri mai haske, kuma idan zazzaɓi ko ciwon gaɓoɓi ya zo mata a cikin wata guda da dawowa, ki gaya wa likita cewa daga daji take.