Dokar gamma: ninka ilektaron ba ya ninka bolt

Jarabawar bak na ƙaratowa, wata magana kuma na yawo tsakanin ƴan lise a Maradi: wai idan ka ninka rabin lissafi (layin da ke nuna ilektaron nawa sinadari ɗaya ke bayarwa ko karɓa) don daidaita ilektaron, dole ka ninka bolt ɗinsa ma. Dokar gamma, wadda ke nuna ko haɗin sinadarai biyu zai tafi da kansa, ba ta ce haka ba, kuma wannan kuskure na iya cinye wa ɗalibi makin tambaya sukutum.

Abin da ta ce kaɗan ne. A jera sinadarai bisa lambar E° ɗinsu, wato bolt ɗin da ke nuna ƙarfin kowanne na jawo ilektaron, mai babbar lamba a sama. Mai karɓar ilektaron da ke sama shi ke ƙwacewa daga mai bayarwa da ke ƙasa. A cire E° na mai bayarwa daga na mai karɓa, in abin da ya rage ya haura sifiri, haɗin zai tafi da kansa. Ƙarafa duka na cikin jerin, da haidurojin da aka ba sifiri ya zama ma'auni.

Ga inda ake tuntuɓe. A tsoma wayar tagulla cikin ruwan da aka narkar da gishirin azurfa: ruwan zai koma shuɗi, azurfa ta tsiro jikin wayar. Tagulla ɗaya na sakin ilektaron 2, azurfa ɗaya kuwa 1 take karɓa, shi ya sa ake rubuta Cu + 2Ag⁺ → Cu²⁺ + 2Ag. Amma bolt 0,80 na azurfa yana nan a 0,80. A cire 0,34 na tagulla, saura 0,46. Wanda ya ninka zai fito da 1,26, amsar da ba ta da tushe. Bolt ƙarfi ne a kan kowane caji guda, kamar kuɗin tiyar gero: ka auna biyu ko goma, farashin tiya ɗaya bai motsa ba.

Wasu kuma sun ɗauka “da kansa” na nufin nan take. Alminiyam na da −1,66, bisa lissafi ya kamata ruwa ya cinye shi, ga tukwanensa nan suna shekaru kan murhu saboda ɗan ɓawon da iska ke yi masa ya rufe shi. Dokar na faɗin inda haɗi zai nufa, ba ta maganar sauri.

Soke amsar mai ninkawa daidai ne. Sai dai yana min ciwo a ce yaron da bai taɓa ganin ruwan nan ya sauya launi ba, shi kaɗai ke biyan kuɗin haddar da aka ɗora shi a kai.