Kafin a ɗora inji a gindin kaɗanya

Bayan girbin dawa na je wani ƙauye a ƙasar Yawuri duba irin da manoma suka ajiye. Tun daga bakin gari nake jin kukan injin yankan itace. Na bi ƙarar har na iske samari uku sun kayar da kaɗanya suna datsa ta, ga ramin gawayi a gefe an lulluɓe shi da ciyawa da ƙasa, farin hayaƙi na tsirtowa. Kututturen bai ma daina zubar da danko ba. Mai gonar dattijo ne da muka daɗe muna aiki tare. Ya ce da ni, "Malam, mi zan yi? Yarinya ba lafiya, su kuma sun zo da kuɗi a hannu." Na ce, "Allah ya ba ta lafiya, Baba." Ban ƙara komai ba a ranar, don mai majinyaci a ɗaka ba wa'azi yake bukata ba. Amma na ga matarsa tsaye daga nesa. Ita ce ke tsintar ƙwarar wannan bishiya duk farkon damina, ta yi man kaɗe, ta kai kasuwa.

Kaɗanya takan kai shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya, kuma tana iya haura shekara 200 a tsaye. Yawancin waɗanda ke gonakinmu ba wanda ya dasa su. Kakanni ne suka iske su sun tsiro, suka kewaye su da fartanya. Haka ɗorawa, haka tsamiya da kanya da ɗinya. Abin da aka yi shekara ɗari ana raino, inji na gamawa da shi kafin azahar. Ga kuma asarar da ke cikin ramin kansa: irin ƙonar da ake yi a ƙasa, buhun gawayi ɗaya na cinye itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar ko fiye.

Da yawa idan sun ji maganar sauyin yanayi sai su ɗauka zancen manyan otal ne na Abuja. Ga yadda abin yake a sauƙaƙe. Bishiya na zuƙar iskar kabon da ke dumama duniya, ta adana ta a jikinta da saiwoyinta. Kusan rabin nauyin busasshen itace kabon ne. Ranar da aka ƙona ta, yawancin abin da ta tara ya koma sama. Shi ya sa a taron sauyin yanayi na duniya da aka yi a birnin Gilasgo a 2021 ƙasashe sama da 140, har da Nijeriya, suka yi alkawarin dakatar da ɓarnar dazuka zuwa 2030, kuma a shekarar ne aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa. Kebbi da Zamfara na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, na dashen itatuwa don tare hamada, da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, suna kuma cikin shirin ACReSAL na Bankin Duniya mai farfaɗo da ƙasar da ta lalace.

Ina goyon bayan dashe, ni kaina ina rabon dashe duk damina. Sai dai abin da ke ci mini rai shi ne yadda muke tafa wa dashen darbejiya dubu a bakin hanya, alhali a bayan gari motoci na fita da gawayin kirya da marke dare da rana. Ku koma wurin dashen a watan Maris ku ƙirga nawa suka tsira daga awaki da ƙishirwa. Ko sun tsira, layin darbejiya ba ya ba da daddawa, ba ya ba da man kaɗe, mai magani ba zai sami sassaƙen maɗaci a cikinsa ba, mai amya kuma ba zai sami zumar da ya saba ba. Dajin gado yana da manya da ƙanana, da geza da sabara a ƙarƙashi, da tsuntsaye da jemagu masu yaɗa iri. Ba a gina irinsa da kwangila.

Madobiya ta isa ta zama mana darasi. Da 'yan kasuwar Sin suka buɗe mata kasuwa, cikin shekaru kaɗan aka yi mata ƙarƙaf a Taraba da Adamawa da Kogi, har 'yan katako suka sa mata suna "Madrid". A 2017 aka sanya ta cikin jerin itatuwan da yarjejeniyar CITES ta ƙasashen duniya, mai kare dabbobi da tsirrai daga ƙarewa, ke taƙaita cinikinsu, a 2018 kuma aka dakatar da fitar da ita daga Nijeriya. Kafin nan an riga an yi ɓarna. Makiyayi ya fi kowa sanin zafin wannan, domin ganyen madobiya da na kawo ne ke riƙe shanu a ƙarshen rani lokacin da ciyawa ta ƙare.

Masu noman shinkafa a fadamun Argungu da Jega kada su ce ba ruwansu. Inda aka share tudu, ruwan sama ba ya samun abin da zai tsayar da shi ya nutse. Sai ya kwashi yashi ya zuba a gulbi, gulbi ya cike, ruwa ya haura gona. Ba sare itace kaɗai ya kawo ambaliyar 2020 ba, amma yana cikin abin da ke ƙara mata ƙarfi.

Akwai masu cewa tunda dazuka irin su Kuyambana da Sububu sun zama mafakar 'yan bindiga, gara a share su kowa ya huta. Na fahimci zafin da ke bayan wannan magana, mu ma mun binne namu. Amma ɗan bindiga kan babur yake, gobe ya sauya daji. Mu ne za a bari da fako da iska mai turbuɗe shuka.

Maƙwabtanmu na Maraɗi da Damagaram sun nuna hanya mai arha. Tun shekarun 1980 suka fara abin da suke kira sassaben zamani, wato barin kututture ya sake tofo maimakon a tumɓuke shi ko a sa masa wuta. Da haka suka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5. Saiwar na nan da rai a ƙasa, ta riga ta kai ga danshi, don haka ba ta neman ban ruwa. Gawo kuwa ganyensa yake zubarwa da damina, ba ya yi wa gero inuwa, sai ma taki.

Roƙona ga uwayen ƙasa da hakimai: a zauna da masu inji da masu gawayi, a fitar da itatuwan da ba a taɓawa, kaɗanya da ɗorawa da tsamiya da madobiya a sahun gaba, a kuma tsare na bakin rafi. Duk wanda ya zo da inji a nemi takardar izininsa daga malamin daji. Limamai su tuna wa jama'a cewa Sayyidina Abubakar ko rundunar yaƙi ya hana ta sare itace mai 'ya'ya. A kafa asusun gari ko adashe, don mai majinyaci ya sami inda zai ranta kafin ya kira masu inji. Mata kuma su gwada murhu mai kewaye da laka, ya fi duwatsu uku tattalin itace.

Kai manomi, bana idan ka shiga sassabe, tsaya a kan kowane kututturen kalgo ko gawo ko marke. Zaɓi tofo uku zuwa biyar mafi ƙarfi da miƙewa, ka yanke sauran da wuƙa mai kaifi daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawo ya tsage. Rage rassan gefe har rabin tsayinsu, ka ɗaura tsumma a jiki don yara da masu neman itacen girki su san an kama shi. Abin da ka yanke ka kai gida a hura wuta, bayan wata huɗu zuwa shida ka dawo ka sake gyarawa.