Waiwaye: Yadda Amurka da Japan suka raba hanya a fina-finan katun

A ƙarshen shekarun 1990, lokacin da shirin Pokémon ya shiga gidajen talabijin na Amurka, akwai wurin da wani yaro a cikin shirin ya ɗauko abinci yana yabawa. Abin da ke hannunsa malmalar shinkafa ce mai kusurwa uku, an naɗe gindinta da baƙin ganyen teku. Japanawa na kiranta onigiri, irin guzurin da uwa ke ƙulla wa ɗanta idan zai fita. Amma muryar Ingilishin da aka ɗora masa cewa take yi donat ne, wato fanken Turawa. Ido na ganin shinkafa, kunne na jin fanke. Kamfanin 4Kids da ya kai shirin Amurka ya ɗauka yaran ƙasar ba za su karɓi abincin da ba su sani ba. Shinkafa dai ƙaramin abu ce cikin abubuwan da aka riƙa gogewa daga fina-finan Japan kafin su isa gaban ɗan Amurka. An goge jini, an goge taba, an goge mutuwa. Tambayar da ta raba ƙasashen biyu tsohuwa ce: me ya kamata yaro ya gani, me kuma za a ɓoye masa?

Da farko katun a Amurka na kowa ne. A silima ake nuna shi kafin babban fim, manya da yara suna dariya tare. Daga 1934 aka fara tsaurara dokar tace fina-finai da ake kira dokar Hays, a 1937 kuma Walt Disney ya fito da Snow White, wanda ya shimfiɗa tabarmar da ake zaune a kai har yau: yarinya mai kirki, muguwar sarauniya, waƙoƙi, sannan a tashi cikin farin ciki. Da talabijin ya shiga gidaje, sai katun ya koma safiyar Asabar, lokacin da yara ba su da makaranta, masu tallar kayan wasa da kayan karin kumallo suka zama masu biyan kuɗinsa. Iyaye suka tashi tsaye, a 1968 aka kafa ƙungiyar Action for Children's Television, gidajen talabijin kuma suka sa ido sosai kan abin da ake zanawa. Ba a kashe kowa, ba a nuna jini, sau da yawa ma sai jarumin ya juyo a ƙarshe ya yi wa yara nasiha. Daga nan ne tunanin cewa katun wasan yara ne ya kafu, ya kuma bazu duniya, har ya iso garuruwanmu.

Japan kuwa da kwaikwayo ta fara. Fim ɗinta na zane mai tsawo na farko, labarin Momotaro na 1945, rundunar sojan ruwa ce ta sa a yi shi don farfagandar yaƙi. Cikin waɗanda suka kalle shi akwai wani matashi ɗan shekara goma sha shida, Osamu Tezuka, wanda ya ga ruwan bama-bamai a Osaka da idonsa. Watanni kaɗan bayan haka aka jefa bam ɗin nukiliya a Hiroshima da Nagasaki, sojojin Amurka suka mamaye ƙasar har zuwa 1952, fina-finan Disney suka biyo bayansu. Tezuka da bakinsa ya ce ya kalli Bambi, fim ɗin Disney, fiye da sau tamanin. Manyan idanun nan da ake gane zanen Japan da su, akwai hannun Disney a cikinsu. Kamfanin Toei ma da ya buɗe sashen zane a 1956, burinsa a fili yake: ya zama Disney na Gabas.

Abu biyu ne suka hana wannan kwaikwayo ɗorewa, talauci da tabon yaƙi.

Ranar 1 ga Janairun 1963 Tezuka ya fara nuna Tetsuwan Atomu a talabijin, shirin da Amurkawa suka sani da Astro Boy. Rabin awa kowane mako, da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Fim na tafiya ne da hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Masu zanen Disney kan yi zane 12 zuwa 24 don cike wannan daƙiƙa, Tezuka kuwa takwas yake yi, wani lokaci ƙasa da haka. Sai a tsayar da fuska cak, baki kaɗai ke motsi. Sai a ja kyamara a hankali a kan zane guda. Sai a dawo da zanen makon jiya a sake amfani da shi. Tun da motsi ba zai riƙe mai kallo ba, dole labari ya riƙe shi, kuma labarin da Tezuka ya kawo mai nauyi ne. Wani masanin kimiyya ɗansa ya mutu a hatsarin mota, ya ƙera mutum-mutumi mai kama da shi, da ya ga ba ya girma sai ya tsane shi, ya sayar da shi ga masu wasan nishaɗi. Yaron ƙarfen da makamashin nukiliya yake aiki, shekara goma sha takwas kacal bayan Hiroshima. A kashi na ƙarshe ya tunkari rana ya sadaukar da kansa don duniya ta tsira. Kashi 193 aka nuna a Japan, 104 aka juya zuwa Ingilishi, kuma akwai waɗanda Amurkawa suka ƙi karɓa saboda abin da ke cikinsu.

Wanda yake son ganin bambancin ƙarara, ya dubi labari guda da ƙasashen biyu suka ɗauka. Tatsuniyar 'yar ruwa ta marubucin Denmark Hans Christian Andersen da baƙin ciki take ƙarewa: yariman da take so ya auri wata, ita kuma ta narke ta zama kumfar teku. Toei ya yi fim ɗinta a 1975 ya bar ta ta narke. Disney ya yi nasa a 1989 ya ɗaura mata aure da yariman. A wannan shekara ta 1975 yaran Japan sun shafe shekara guda suna bin labarin Nello, marayan ƙasar Beljiyam, da karensa Patrasche. A kashi na ƙarshe su biyun suka kwanta a cikin babban cocin Antwerp, gaban zanen shahararren mai zane Rubens da yaron ya daɗe yana marmarin gani, sanyi ya kashe su. Masu fim na Amurka da suka taɓa wannan labari sun fi son su tashe yaron. Japanawa kuwa sun ƙaunaci wannan ƙarshe har suka riƙa zuwa Antwerp ziyara saboda shi.

Suna da kalma a kan wannan, mono no aware, wato tausayin da ke kama zuciya idan ta tuna cewa komai mai wucewa ne. Shi ya sa duk shekara suke fita kallon furen sakura, wanda ba ya wuce mako ɗaya ko biyu kafin iska ta kakkaɓe shi. Kada a yi wa Disney rashin adalci, shi ma ya kashe uwar Bambi, ya kashe Mufasa, uban jarumin The Lion King. Sai dai mutuwa a wurinsa tsani ce da jarumi ke takawa ya kai ga nasara. A fim ɗin Japan tana iya zama inda labarin ya tsaya.

Ban san fim ɗin da ya kai Grave of the Fireflies na Isao Takahata nuna haka ba. A 1988 ya fito, kuma da mutuwa yake buɗewa. Wani yaro, Seita, na jingine da ginshiƙi a tashar jirgin ƙasa ta birnin Kobe, ranar 21 ga Satumban 1945, yunwa ta gama da shi, mutane na ratsa shi suna wucewa. Mai shara ya laluba jikinsa, ya sami wani tsohon gwangwanin alewa, ya jijjiga, ya wurga shi cikin ciyawa. Sai daga baya mai kallo zai san tokar ƙanwarsa Setsuko ce a ciki, 'yar shekara huɗu. Babu mugun da za a kama a hukunta a fim ɗin. Matuƙan jiragen da suka ƙona garin ba a ma nuna fuskarsu, 'yar'uwar iyayensu da suka zauna wurinta ta ƙuntata musu kuwa mace ce da yaƙi ya ƙwace mata haƙuri. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne yadda aka fitar da shi: tikiti ɗaya, zama ɗaya, tare da My Neighbor Totoro, fim ɗin yara mai cike da annashuwa. Duk wanda ya tsara haka ya yarda cewa zuciyar yaro na iya ɗaukar dariya da kuka a yini guda. Kakanninmu masu tatsuniya ma haka suka yarda, don ba kullum Gizo ke shan hukuncin wayonsa ba, kuma Dodo kan cinye mutum a bar shi a cinye.

Batun mugu ma haka yake. A fina-finan Disney mugu a fuska ake gane shi, kuma sau da yawa faɗowa yake yi daga wuri mai tsawo ya hallaka, yadda hannun jarumi ba zai ɓaci da jini ba. A Princess Mononoke na Hayao Miyazaki, 1997, matar da ke sare daji tana harbin ubangijinsa, Eboshi, ita ce kuma ke fanso mata daga gidajen karuwai ta ba su sana'a, ita ke wanke wa kutare miki. Ta rasa hannu ɗaya, amma ba a kashe ta ba. Wannan na da jijiya a Shinto, addinin gargajiyar Japan, inda dutse da kogi da bishiya kowanne ke da kami, wani abu mai kama da abin da Bahaushe ke kira iskoki, wanda kan yi alheri kan kuma fusata gwargwadon yadda aka bi da shi.

Almakashin Amurka ya daɗe yana aiki kafin a taka masa birki. Voltron da yaran Najeriya suka kalla a NTA, har sunansa ya zama laƙabin mai shiga faɗan da ba nasa ba, asalinsa shirin Japan ne da aka tsabtace: wanda ya mutu sai a ce ya tafi jinya, waɗanda aka kashe sai a ce mutum-mutumi ne. A 1985 aka yanke fiye da minti ashirin daga Nausicaä na Miyazaki, aka sauya masa suna. Tun daga nan Studio Ghibli, kamfanin su Miyazaki, ya sa sharaɗin cewa ba a taɓa masa fim. Da Harvey Weinstein na kamfanin Miramax na Amurka ya nemi rage Mononoke, furodusan Ghibli Toshio Suzuki ya ba shi takobin Japan da saƙon cewa ba yanka.

Akwai kuma shiru. Miyazaki ya taɓa yi wa mai sharhin fina-finai Roger Ebert bayani ta hanyar tafa hannu, ya ce tazarar da ke tsakanin tafi da tafi ita ce abin da Japanawa ke kira "ma". A Spirited Away na 2001, yarinyar fim ɗin, Chihiro, ta shiga jirgin ƙasan da ke tafiya a kan ruwa. Mintuna suna wucewa ba wanda ya ce uffan. Fasinjoji kamar inuwa suna sauka, wani gida shi kaɗai a tsibiri ya gilma, dare ya yi, fuskarta na bayyana a gilashin taga. A nan ne mai kallo ke gane yarinyar ta girma. A fassarar Ingilishi kuwa, sai da aka ƙara mata magana a ƙarshen fim, tana tabbatar wa babanta cewa za ta iya da sabuwar makaranta, maganar da babu ita a na Japananci.

Ba na ɓoye cewa zuciyata ta fi karkata ga masu gaya wa yaro gaskiya. Amma tsarin Japan na da nasa mikin. Farashin arha da Tezuka ya karɓa ya zama gado, har Miyazaki ya soki wannan a rubuce bayan mutuwar Tezuka a 1989, kuma ƙananan masu zane a Tokyo har yau suna kukan albashin da ba ya riƙe su. Sannan tun da zane a can na kowane mai shekaru ne, akwai mai batsa da mai zubar da jini da bai dace da yaro ba ko kusa. Uban da ya miƙa wa ɗansa waya yana cewa ai katun ne, da ma'aunin safiyar Asabar ta Amurka yake auna kayan Japan.

Yau kowa ya ci daga tukunyar ɗan'uwansa. Spirited Away ya karɓi Oscar a 2003, ko da yake Miyazaki ya ƙi zuwa saboda yaƙin Iraƙi. Totoro ya leƙo a Toy Story 3 a 2010. Gyaran abinci ma ya zama ba ni in ba ka: a 2014 an mai da tsinken cin abinci na Doraemon cokali mai yatsu don yaran Amurka, a 2015 kuma Pixar ya cire brokoli daga Inside Out ɗin da aka kai Japan ya sa koren tattasai, don shi ne yaran Japan ke ƙi. Fim ɗin Demon Slayer na 2020 ya ture Spirited Away daga matsayin fim mafi kawo kuɗi a tarihin Japan, iyaye suna kai 'yan firamare kallonsa. Da ya isa Amurka a 2021 hukumar tantance fina-finai ta ba shi tambarin R: duk wanda bai kai shekara 17 ba, sai da babba zai shiga.