Dinosaur Land a katun, mujallu da fim ɗin Mario

Dinosaur Land ƙasa ce ta ƙage wadda kamfanin Nintendo ya gina wasan bidiyo na Super Mario World a cikinta. Wasan ya fito a Japan ranar 21 ga Nuwamba 1990, ya isa Amurka a watan Agustan 1991, ƙarƙashin jagorancin Takashi Tezuka da kulawar Shigeru Miyamoto. Ƙasar tsibirai ce da dabbobin dainoso ke zaune a cikinsu, kuma a nan ne Yoshi, dainoson da Mario ke hawa, ya fara bayyana. Katun, labaran zane da fim da suka biyo bayan wasan kowannensu ya ɗauki ƙasar ya sake mata siffa, har wasu suka mayar da ita abin da wasan bai taɓa nunawa ba.

Yadda take a cikin wasan

Labarin gajere ne. Mario da Luigi da Gimbiya Toadstool sun je hutu Dinosaur Land, mugun sarki Bowser, wanda ake kuma kira Koopa, ya sace gimbiyar, 'yan'uwan biyu kuma suka tsinci wani babban ƙwai da Yoshi ya ƙyanƙyashe daga ciki. 'Ya'yan Koopa bakwai ne ke riƙe da fadoji, kowanne yana tsare da ƙwai guda. Yawancin yankunan sunayen abinci gare su: Donut Plains, Vanilla Dome, Cheese Bridge, Soda Lake da Chocolate Island, sai Forest of Illusion da Valley of Bowser.

Abin lura shi ne ƙasar ba ta cikin wani zamanin da ya shuɗe. Wuri ne da ake zuwa a dawo, kuma sigar wasan ta 2001 a na'urar hannu ta Game Boy Advance ta nuna baƙin suna isowa cikin balan-balan. Dabbobi ne kaɗai ke ba ta kamannin tsohuwar duniya, irin su Rex da Dino-Rhino da Reznor mai ƙahoni. Babu mutumin kogo ko ɗaya a wasan, babu ƙauyen mutane. Akwai ma gidajen fatalwa da bututun ƙarfe da 'yan wasan ƙwallon Amurka sanye da kwalkwali.

Katun ɗin talabijin na 1991

Kamfanin DIC ne ya shirya katun mai suna Super Mario World, tashar NBC ta nuna shi daga 14 ga Satumba zuwa 7 ga Disamba 1991, kashi 13, a haɗe da shirin Captain N. Shi ne na uku kuma na ƙarshe a jerin katun ɗin Mario na wannan kamfani. Walker Boone ya yi muryar Mario, Tony Rosato ta Luigi, Harvey Atkin ta Sarki Koopa, Andrew Sabiston kuma ta Yoshi.

A nan ne ƙasar ta koma zamanin dutse sosai. Marubutan sun ƙirƙiri gari mai suna Dome City, mai gidaje masu ƙubba, suka cika shi da mutanen kogo masu ɗaura fata da magana gutsuri-gutsuri. Cikinsu akwai yaro Oogtar, wanda ya maye gurbin Toad, hadimin gimbiya a katun biyun farko, kuma John Stocker da ya yi muryar Toad shi ya yi tasa. Yoshi ma an ba shi baki, yana magana kamar ƙaramin yaro mai kwaɗayi da tsoro. Sau da yawa ana kiran ƙasar Dinosaur World maimakon sunanta na wasan.

Kusan rabin sassan shirin tsari ɗaya suke bi: baƙi su kawo wa mutanen kogo wani abin zamani, abin ya rikice. A wani kashi Mario ya kawo musu taya da mota, gari ya cika da cunkoso da karo, har suka kore shi da ɗan'uwansa. A wani an haɗa musu tarho da ɓawon kwakwa da igiyar kurangar daji, suka shagala da hira suka bar aikinsu. Luigi ya koya musu noma, gimbiya ta buɗe makaranta. Koopa ma ta wannan hanya yake ɓarnarsa: ya raba akwatunan talabijin don ya juya hankalin jama'a, ya kuma buɗe shagon abinci wanda duk mai yawan cinsa ke rikiɗewa ya zama wata halitta mai kama da kaza. Mutanen Dome City ba su da tarihi ko al'adar kansu da shirin ya damu ya nuna. Madubi ne da marubutan ke haska rayuwar Amurka ta 1991 da shi, kuma wannan ne ƙarfin shirin da rauninsa a lokaci guda, domin darasin yana fita sarai ga yara, amma mazauna ƙasar kullum su ne ake koya wa.

Kashin ƙarshe, Mama Luigi, shi ya fi kusa da wasan. Luigi yana ba Yoshi labarin dare kan yadda ya tsince shi a ƙwai, jaririn ya ɗauke shi uwa. Wannan kashi ya sake samun farin jini a intanet shekaru bayan haka, kuma a 2017 masu zane sama da 200 suka haɗu suka sake zana shi daga farko har ƙarshe.

Labaran zane da littattafai

Mujallar Nintendo Power ta buga Super Mario Adventures a tsawon shekarar 1992, rubutun Kentaro Takekuma da zanen Charlie Nozawa. Babu mutanen kogo a ciki. Mario da Luigi sun faɗo ta wani bututu, suka isa ƙauyen Yoshi, inda mutum ɗaya tilo da suka tarar shi ne wani ɗan talla mai suna Friendly Floyd. Yoshi a nan ba ya furta komai sai sunansa. A Japan, Yukio Sawada ya fara jerin Super Mario-kun a mujallar CoroCoro da labarin wannan wasa, inda barkwanci ya fi bayanin ƙasar yawa. Wasu daga littattafan Nintendo Adventure Books na farkon shekarun 1990 su ma a can labarinsu ya gudana.

An kuma fitar da kaset ɗin bidiyo a Japan wajen 1991 don na'urar Terebikko ta kamfanin Bandai, mai siffar tarho, wadda yaro ke amsa tambayoyin Mario da ita.

Fim ɗin 1993

Fim ɗin Super Mario Bros. na Rocky Morton da Annabel Jankel, wanda ya fito a Amurka ranar 28 ga Mayu 1993, bai yi amfani da sunan ƙasar ba, amma ya ɗauki dainoso ya gina labarinsa a kansu. A cewar fim ɗin, wani dutse ya faɗo daga sama shekaru miliyan 65 da suka wuce, ya tsaga duniya gida biyu. A ɗaya ɓangaren dainoso suka ci gaba da rayuwa har suka ɗauki siffar mutane, suka gina birni mai duhu da ƙazanta da ake kira Dinohattan, wanda funfuna ta mamaye. Dennis Hopper ya fito a matsayin Koopa mai mulkin kama-karya, Bob Hoskins da John Leguizamo kuma Mario da Luigi. Yoshi ya zama ƙaramin dainoso mai fata da haƙora irin na gaske, ɗaure da sarƙa. Fim ɗin bai mayar da kuɗin da aka kashe masa ba a sinima.

Abubuwan da ake saɓani a kai

Masu bibiyar wasannin ba su daidaita ba kan ko tsibirin Yoshi na wasan Yoshi's Island na 1995 da na bayansa har yanzu yanki ne na Dinosaur Land, domin sunan ƙasar ya yi ƙaranci a wasannin da suka biyo baya. Akwai kuma batun asalin Yoshi. Littafin wasan ya kira shi dainoso, amma a wata hira ta 2017 Tezuka ya danganta shi da dangin kunkuru, aka kuma ce abin da ke bayansa mai kama da sirdi ƙoƙon kunkuru ne.