Ƙaurar Nyumbu ta Serengeti da Masai Mara

Ƙaurar nyumbu wata doguwar tafiya ce da namun daji masu cin ciyawa keyi duk shekara tsakanin gandun dajin Serengeti dake arewacin Tanzaniya da gandun Masai Mara dake kudu maso yammacin Kenya. Nyumbu sunan dabbar ne da Swahili, Turawa kuma suna ce mata wildebeest, dangin su gwanki da kanki ce saidai tana da faffaɗan kai da gemu da geza da ƙaho mai lanƙwasa. Alƙaluman da aka daɗe ana amfani dasu sun sa yawansu a wajen miliyan 1.3, kuma ba su kaɗai ke tafiyar ba, akwai jakunan dawa kusan 200,000 da barewa masu ɗimbin yawa dake bin sahu. Zagayen yakai kilomita 800 ko fiye. Tafiyar bata da ranar farawa bata da ranar gamawa, ruwan sama suke bi, shi yasa duk wanda zai kashe kuɗinsa yaje kallo dole ya fara sanin inda garken yake a watan da zaije.

Dalilin tafiyar

Ruwan sama a wannan yanki ba ɗaya yake sauka ko'ina ba. Filayen kudu maso gabas, wajen Ndutu da iyakar Ngorongoro, suna samun kamar milimita 500 ne a shekara, arewa maso yamma kuwa wajen kogin Mara yana haura 1,000. To amma kudun nan mai ƙarancin ruwa shine ke da ciyawa mafi amfani, saboda ƙasar wurin tokar dutse mai aman wuta ce da ta taru shekara da shekaru daga duwatsun yankin irinsu Ol Doinyo Lengai, gajeriyar ciyawar dake fitowa a kai cike take da sinadaran da uwa mai shayarwa da ɗan da ke gina ƙashi suke buƙata. Matsalar ita ce da zarar ruwa ya ɗauke wurin bushewa yake ƙarƙaf ba kogi ba tafki mai ɗorewa, sai garken ya nausa arewa inda ciyawar doguwa ce marar ƙarfi amma dai akwai ruwan sha. Duk wanda ya san yadda makiyaya ke gangarawa kudu da rani su dawo da damina ya riga ya fahimci lissafin.

Damina biyu akeyi a can, ƙarama daga Nuwamba zuwa Disamba, babba daga Maris zuwa Mayu. Yuni zuwa Oktoba rani ne, wato daidai lokacin da ƙasar Hausa ke tsakiyar damina.

Tarihi

Wannan taro mai yawa da ake gani yau bai daɗe haka ba, kuma labarinsa a haɗe yake da labarin shanu. Ana kyautata zaton a wajen 1887 ne ciwon bushiya ya shigo Afirka ta tashar Massawa a Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka kawo, cikin 'yan shekaru ya mamaye gabashin Afirka, ya ratsa yamma har ya iso garkunan Fulani a ƙasashenmu wajen 1890 ko 1891, ya kai kudancin nahiyar kafin ƙarnin ya ƙare. A wurare da dama an ƙiyasta shanu 9 cikin 10 sun mutu. Ƙabilar Masai, makiyayan yankin da rayuwarsu kacokan ta dogara kan shanu, sun faɗa yunwa mai tsanani haɗe da cutar agana, suna kiran wannan zamani Emutai, kuma Oscar Baumann ɗan ƙasar Ostiriya da ya ratsa yankin a 1892 ya rubuta irin halin da ya tarar da mutane a ciki. Cutar bata tsaya kan shanu ba, ta kama ɓauna da nyumbu da raƙuman dawa, bayan annobar ta lafa ma bata tafi ba, duk shekara sai ta ɗebi 'ya'yan nyumbu da suka kusa shekara ɗaya, haka ta danne yawansu fiye da shekara 60.

An mayar da Serengeti cikakken gandun ƙasa a 1951 zamanin mulkin Ingila a Tanganyika, wato ɓangaren tudu na Tanzaniyar yau, a 1959 aka cire Ngorongoro aka bashi nasa tsarin sannan aka tashi Masai daga cikin Serengeti, wannan tashin har yau ciwonsa bai warke ba. Masai Mara kuma an kafa shi a 1961. A daidai waɗannan shekaru ne Bernhard Grzimek, shugaban gidan namun daji na Frankfurt a Jamus, da ɗansa Michael suka zo da ƙaramin jirgin sama da aka yiwa fenti irin zanen jakin dawa, suna ƙirga dabbobi daga sama don su nuna cewa sabuwar iyakar da aka shata bata rufe hanyar da garken ke bi ba. Sun ƙirga nyumbu ƙasa kaɗan da 100,000, adadin da masana na baya ke ganin ya gaza ainihin abinda ke ƙasa. Michael ya rasu a Janairun 1959 yana da shekara 24 lokacin da jirginsa yayi karo da ungulu, an binne shi a bakin makeken ramin tsohon dutse mai aman wuta na Ngorongoro.

Abinda ya canza komai allurar shanu ce. Likitocin dabbobi sun dage da rigakafin bushiya a garkunan dake kewaye da gandun tun shekarun 1950, sai kuma Walter Plowright da ke aiki a Kenya ya samar da allura mai inganci da arha wajen 1960, irinta aka yi amfani da ita a babban gangamin rigakafin da aka fara a 1962 a yankin tafkin Chadi, wanda ya haɗa Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. Babu wanda yayiwa nyumbu ko ɗaya allura, amma da aka tsare shanu sai cutar ta ɓace daga jikin namun dajin wajen 1962 ko 1963, anan aka gane ashe shanu ne ke riƙe da ita suna yaɗawa. Daga kusan 250,000 a farkon shekarun 1960 yawan nyumbu ya tashi zuwa wajen miliyan 1.4 a 1977. Masu kula da gandun sun tsorata har ana maganar a rage su da bindiga, masana irinsu Tony Sinclair sukace a bari a gani, kuma da kansa adadin ya tsaya inda abincin rani zai iya ɗauka. Sauran abubuwa suka biyo baya ɗaya bayan ɗaya, garken na cinye ciyawa sai gobarar daji ta ragu, da gobara ta ragu bishiyoyi suka samu damar girma, raƙuman dawa da tsuntsaye suka ƙaru, zakuna da kuraye ma haka. Shigar garken cikin Masai Mara da yawa irin na yanzu shima ana danganta shi da wannan ƙaruwa, daga wajen ƙarshen shekarun 1960 zuwa farkon 1970. Farin 1993 ya rage su zuwa ƙasa da miliyan ɗaya amma sun farfaɗo. UNESCO ta saka Serengeti cikin wuraren gadon duniya a 1981, ita kuwa bushiya a 2011 aka sanar da kawar da ita daga doron ƙasa gaba ɗaya.

Zagayen shekara

Daga Disamba zuwa Maris garken yana filayen kudu, Ndutu da kewaye, kuma nan ake haihuwa. Cikin nyumbu wata 8 da rabi ne, barbararsu kuma lokaci ɗaya akeyi wajen Mayu da Yuni, don haka haihuwar ma a tare take zuwa, galibi a Fabrairu, ana ƙiyasta 'ya'ya kusan 500,000 cikin sati 2 zuwa 3. Ɗan yana faɗowa baya wuce mintuna ya miƙe, kafin rana ta faɗi yana gudu da uwarsa. Kuraye da zakuna da rabbi da diloli duk suna nan suna jira, saidai yawan ya fi ƙarfin cikinsu, abinda zasu iya ci a sati uku kaɗan ne akan abinda aka haifa, wannan shine amfanin haihuwa a tare.

Afrilu da Mayu babbar damina ce, garken na fara jan layi mai tsawon kilomitoci zuwa tsakiya ta wajen duwatsun Moru da Seronera. Daga ƙarshen Mayu zuwa farkon Yuli wani ɓangare mai yawa na shiga yammacin gandun ya tsallaka kogin Grumeti, kogi ne ƙarami amma kadojinsa manya ne sosai.

Yuli zuwa Oktoba lokacin kogin Mara ne, wanda ke tasowa daga dajin Mau a Kenya ya faɗa tafkin Victoria. Tsallakar da aka fi gani a hotuna nan akeyinta, wajen Kogatende da Lamai ta ɓangaren Tanzaniya, da cikin Masai Mara ta ɓangaren Kenya. Ba sau ɗaya suke tsallakawa su wuce ba, kai-komo sukeyi, inda hadari ya haɗu can suke nufa, kuma da yawa basa ma shiga Kenya, a arewacin Serengeti suke ƙare ranin. Mutane sunfi maganar kada amma nutsewa da turmutsitsi a gaɓa mai tsayi sunfi kashe su, wani bincike da aka buga a 2017 ya nuna a matsakaici fiye da 6,000 ke nutsewa a Mara duk shekara, kuma gawarwakin da ƙasusuwan suna ciyar da kifaye da ungulaye da kogin kansa na tsawon lokaci.

Da ƙaramar damina ta faɗi a Nuwamba sai su juya kudu ta gabas, ta Lobo da Loliondo.

Zaɓen lokacin zuwa

Waɗannan watanni ƙiyasi ne, ruwa na iya gaggawa ko ya makara da sati biyu har wata guda, garken kuma shi yake bi. Mai son ganin tsallakar kogi Agusta da Satumba sun fi masa tabbas, amma ya sani babu mai iya bashi rana, garke na iya taruwa a gaɓa tun safe ya tsaya awa biyar yana leƙen ruwa sannan ya juya baya, don haka kwana ɗaya ko biyu a bakin kogi caca ce, kwana 3 zuwa 4 yafi. Wannan ne kuma lokacin tsada da cunkoso, masaukai na cika watanni kafin lokaci, a wasu mashigai motoci na jeruwa da yawa har su tare wa dabbobi hanyar fita, abinda ke ƙara musu hasara kuma bai kamata wani mai kallo ya matsa wa direbansa yayi ba.

Fabrairu a kudu gaskiya ba'a bata haƙƙinta. Garken a wuri ɗaya yake, fili ne shimfiɗaɗɗe ana hangen nesa, ba sai an zauna jiran sa'a ba, kuma abinda ya sa akeyin tafiyar tun asali shine mutum ke kallo da idonsa. Wanda zaije sau ɗaya a rayuwarsa kuma baya son ya dawo hannu rabbana, wannan watan yafi masa. Afrilu da Mayu sunfi arha da ƙarancin mutane saidai baƙar ƙasar wurin na kama mota idan ta jiƙe, wasu masaukan ma rufewa sukeyi. Akwai sansanonin tanti dake tashi suna bin garken, kudu a farkon shekara arewa da rani. Wurin tudu ne, Mara ta haura mita 1,500, asubahin Yuni zuwa Agusta akwai sanyi sosai a buɗaɗɗiyar mota.

Hanya da kuɗi

Ana shiga Serengeti ta Arusha ko filin jirgin Kilimanjaro, Masai Mara kuma ta Nairobi, da mota ko ƙananan jirage. Dabbobi na ƙetare iyaka yadda suka ga dama amma baƙi basa iyawa daga cikin gandun, ƙofar Bologonja a rufe take garesu tun rufe iyakar ƙasashen biyu a 1977, sai an zagaya ta mashigar iyaka ta Isebania. Daga 2024 kuɗin shiga Masai Mara ga baƙon waje dala 100 ne a rana daga Janairu zuwa Yuni, dala 200 daga Yuli zuwa Disamba. Matafiyi daga Najeriya ko Nijar ya riƙe katin allurar shawara.

Taƙaddama

A 2010 gwamnatin Tanzaniya ta shirya titin kwalta da zai ratsa arewacin Serengeti, kotun Gabashin Afirka ta hana a 2014. A 2022 anyi rikici a Loliondo kan ƙwace wa Masai wurin kiwo, gwamnati tace kare daji takeyi, mazauna da ƙungiyoyin kare haƙƙi sunce korar mutane ce don masu farauta da yawon buɗe ido. Ƙaramar ƙaurar nyumbu ta filayen Loita a Kenya ta kusa mutuwa saboda shingen waya. Shi kansa adadin miliyan 1.3 an ƙalubalance shi a 2025, wani ƙirge da akayi da hotunan tauraron ɗan adam ya samu ƙasa da 600,000, masana basu daidaita ba tukuna.

Makamantanta

A Sudan ta Kudu, tsakanin Boma da Badingilo, ƙidayar da aka sanar a 2024 ta nuna dabbobi dangin barewa kusan miliyan 6 ke ƙaura, wato tafi ta Serengeti yawa, saidai rashin hanya da tsaro sun sa zuwa da wuya. A Zambiya jemagu miliyoyi na taruwa a Kasanka daga ƙarshen Oktoba zuwa Disamba. Fadamun Haɗejia da Nguru suna karɓar tsuntsayen Turai da hunturu, an fi ganinsu a gandun tsuntsaye na Dagona daga Nuwamba zuwa Fabrairu.