Tsiron nama a hanjin yara

Tsiron hanji, wanda lokotoro ke kira polip, ɗan nama ne da ke fitowa a bangon hanji ta ciki, sau da yawa da siririn wuya da kai kamar ɗan magarya. Wanda aka fi samu a yara shi ne tsiron ƙuruciya: yawanci guda ɗaya ne, a ƙarshen babban hanji kusa da dubura, kuma ba daji ba ne. Ya fi kama masu shekara 2 zuwa 10.

Babbar alamarsa jan jini ne a jikin kashi, ba zafi, ba zazzaɓi. Yaro na cin tuwonsa, yana wasansa, sai uwa ta zo zubar da fo ta ga jini. Wani sa'in tsiron kan leƙo waje in yaron ya yi nishi. A Damagaram akan ce basur ne ko ɗan kanoma, a kama jiƙe-jiƙe, alhali basur ba kasafai yake kama ƙaramin yaro ba. Abin tausayi, watanni na wucewa jini na ɗiga, har tafin hannun yaron ya yi fari.

A asibiti, lokotoro zai tambayi tarihin gida, ya sa safar hannu ya lalubi dubura da yatsa, domin tsiron da ke kusa yakan taɓu. Ana awon jini, ana awon kashi don a kawar da zaton atuni da tsutsar tsargiya mai shafar hanji. Eko, wato hoton cikin ciki da na'ura, kan nuna wasu tsiron. Amma awon da ke raba gardama shi ne kolonoskofi: a wanke hanji, a sa yaro barci, a zura siririn bututu mai kyamara, a yanke tsiron nan take, a kai shi a duba da madubin ƙara girma.

Idan tsiron ƙuruciya ya kai 5 ko fiye, ana zaton na gado ne. Akwai wani ciwon gadon dabam, Peutz-Jeghers, wanda lokotoro Jan Peutz ya bayyana a 1921, mai zuwa da baƙaƙen ɗigo a leɓe da cikin baki. Tsironsa a ƙaramin hanji kan sa hanji ya cusa cikin kansa. Akwai kuma ciwon gadon da ake kira FAP a taƙaice, mai fito da ɗaruruwan tsiro da ke rikiɗewa daji in ba a yi aiki ba. A irin waɗannan gidaje, har ƴan'uwan yaron ake aunawa.